Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'in Kebbi: wai rimidiyal ɗin nan tana ƙara ma yaro wani abu kuwa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah iyayenmu kuma malamanmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, na Birnin Kebbi da na Aliero da na Zuru, har da masu kula da ilimi mai zurfi can ma'aikata. Ku yi mani afuwa da na biyo ta intanet, ni ƙaramin malamin sakandare ne ina koyar da kimistiri a ƙasar Argungu, in na ce sai na samu ganin ɗayanku a ofis kafin in faɗi abin da ke raina to ƙila sai wata damina.

Abin da ya tado wagga magana, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci wani dattijo manomin shinkafa ya tare ni bakin hanya, ɗansa tsohon ɗalibina ne, yaro mai hankali, ya yi JAMB sau biyu bai samu admishan ba. Ya ce Malam an ce mani akwai wani karatu na shekara ɗaya da ake yi kafin a shiga jami'a, rimidiyal, yaron ya matsa mani, kuma in zan biya sai na fitar da buhunan shanshera da na ajiye don hidimar gida, to ni tambayata ɗaya ce, in ya yi shi zai fi iya karatun in ya shiga, ko kuwa hanya ce kawai ta samun shiga? Wallahi na yi tsaye ina kallonsa. Ni da kaina ta rimidiyal na shiga jami'a, na yi digiri na gama na yi bautar ƙasa, shekara da shekaru ina tura yara su sayi fom, amma ban taɓa zama na tambayi kaina wagga tambaya ba sai da mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya jefo mani ita. Na ce Baba ka ba ni lokaci. Lokacin ne nike ci yanzu, kuma ku na zo tambaya don amsar tana cikin ofisoshinku.

Bari in fara da abin da na sani a jikina. Ban faɗi sunan makarantar da na yi ba don ba ita ce magana ba. Ranar da na fara shiga ɗakin gwaje-gwaje a rimidiyal ita ce rana ta biyu a rayuwata da na riƙa biuret, bututun gilashin nan da ake ɗiga ruwan gwaji da shi, ta farko sati ɗaya ne kafin firatikal na WAEC, malami ɗaya ya tsaya gaba yana ɗiga ruwa mu kusan tamanin muna leƙe ta kafaɗar juna, ruwa ya canza kala anka ce mu rubuta. Amma ina da kiredit a kimistiri fa. Ina da shi a Turanci ma, alhali lakcar farko da wani malami ya yi mana minti hamsin yana zuba ban tsinci abin da ya kai rabi ba, ina ta jira ya juya ya rubuta a allo mu kwafa yadda munka saba, shi ko ya tattara takardunsa ya fita. Wata uku na yi kafin kunnena ya buɗe. A shekarar nan na koyi rubuta not da kaina, na koyi cewa laburare ba wurin shan iska ba ne, na koyi cewa tes na maki 30 ko 40 shi ke ceton mutum kafin babbar jarrabawa, na koyi dafa abinci da raba kuɗin wata, har da yadda ake tambaya a aji ba tare da kunya ta kashe ka ba. Da munka shiga aji ɗaya, kwasa-kwasan nan na farko, kimistiri da fiziks da lissafi masu lamba 101, kamar bita muke yi, waɗanda sunka zo kai tsaye ta JAMB suna ta neman inda ɗakin lakca yake mu ko har mun san kujerar da fanka ke kaiwa. Samista ta farko ban samu kariyoba ko ɗaya ba, wato ba kos ɗin da na faɗi sai na sake. Kuma ku kun fi ni sanin cewa jipi, wato matsakaicin makin ɗalibi a jami'a, tarawa ake yi tun daga farko, wanda ya faɗi ƙasa a aji ɗaya zai yi shekara uku yana hawan dutse, mutum nawa ne sunka kwana a 3.40 da 3.45 sunka fita da ƙaramin sekan kilas saboda abin da ya faru da su a shekarar farko, alhali 3.50 kawai ake nema a samu babban sekan kilas.

To in da nan labarin ya tsaya da tun bakin masallaci na ce ma dattijo je ka sayar da shinkafa. Amma akwai sauran.

Kafin mu kai aji uku bambancin ya ɓace, ko in ce ni dai na daina ganinsa. Wadda ta fi kowa a ajinmu ba ta taɓa yin rimidiyal ba, daga sakandare ta faɗo. Cikin 'yan rimidiyal akwai waɗanda sunka yi sifiloba, wato sunka ƙara shekara, akwai wanda anka kora. Wanga duk bai dame ni ba kamar abu na biyu, wanda sai da na girma na gane shi. Mu da munka fara shekarar nan tare ɗakin lakca ba ya ɗaukarmu, wasu bisa taga suke zama, amma waɗanda sunka samu shiga aji ɗaya ba mu kai rabi ba. Ina sauran? Wanda munka raba katifa da shi yanzu yana sayar da kayan waya a kasuwa, Allah ya sa mashi albarka yana samu, amma kuɗin babansa da shekararsa sun tafi, kuma duk ranar da wani ya tashi yana yabon rimidiyal ba a ƙirga shi, ni ake ƙirgawa. Kun ga ke nan in anka ɗauko sakamakon 'yan rimidiyal da ke cikin jami'a anka ga ya yi kyau, ba lallai karatun ne ya gyara su ba, ƙila rariya ce kawai anka sa anka tankaɗe, tsaki ya tsaya gari ya wuce, sai a zo ana yabon rariya wai ita ta yi garin. Ƙila kuma shekara ɗayan da mutum ya ƙara ce ta sa ya natsu, ko da zaman shago ya yi ta. Ƙila kuma gidan da ke iya biyan kuɗin rimidiyal shi ne dama gidan da ke iya sayen handawut da ciyar da yaro sau uku. Ta ɗaya gefen kuma, don kar in yi rashin adalci, mafi yawan masu zuwa rimidiyal dama su ne waɗanda makinsu bai kai ba, to in ɗan da ya fara daga baya ya zo ya kamo wanda ya shiga da maki mai yawa, ko bai wuce shi ba ai an yi aiki. Shi ya sa labarina ba hujja ba ne, labarin abokina ma ba hujja ba ne, kuma muhawarar da ake yi a majalisa da guruf na WhatsApp kowa labarin ƙanensa yake kawowa.

Ranku ya daɗe, hujjar tana wurinku. Kowane ɗalibi da ya taɓa shiga jami'o'inku akwai fayil ɗinsa, an rubuta ta inda ya shigo, ko UTME, wato jarrabawar JAMB, ko rimidiyal ko DE, wato shiga aji biyu kai tsaye, an rubuta makin JAMB ɗinsa da sakamakon WAEC ko NECO, kuma ofishin jarrabawa na kowane sashe yana da jipinsa na kowace samista har ranar da sanet ta amince da digirinsa. Jami'ar Aliero tun 2006 take, ta tarayya da ke Birnin Kebbi tun 2013, an yaye ɗalibai zubi da yawa, wato ba yau za a fara tara bayanan ba, suna nan cikin kwamfuta da kabad ƙura na cinsu. Abin da nike roƙo a sa wasu su zauna su haɗa su. Kuna da malaman ƙididdiga, kuna da sashen ilimi, kuna da ɗaliban digiri na biyu da ke yawo suna neman taken bincike har su ƙare da abin da mutum hamsin sunka riga sunka rubuta. A ba su wanga. Amma a yi shi da gaskiya, kar a ɗauko ɗan rimidiyal mai maki 160 a gwada shi da wanda ya ci 260 a ce ga shi nan bai kai ba. A nemo masu maki kusa da juna, irin makaranta ɗaya, kos ɗaya, wanga ya shiga kai tsaye wancan ya bi ta share fage, a duba su a aji ɗaya, a sake dubawa a aji uku, a duba wa ya gama kan lokaci wa ya ƙara shekara wa anka sallama. Sannan a ƙirga waɗanda sunka biya kuɗi ba su samu shiga ba, su ma 'ya'yan mutane ne kuma suna cikin lissafin.

Kuma don Allah a rarrabe ma iyaye abubuwan nan, don a gari duk rimidiyal ake ce masu. Akwai share fage na cikin jami'a, irin matirik da Jami'ar Danfodiyo ta Sakkwato ta daɗe tana yi, ko makarantar da ABU ke da ita a Funtua, wanda in ka gama aji ɗaya za ka shiga kuma sai ka haɗa da JAMB, don yanzu duk admishan ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi. Akwai kuma IJMB da ABU Zariya ke kula da ita tun shekarun 1970, da JUPEB da ta zo daga baya ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas, su darussa uku kake ɗauka ka zurfafa, in ka samu maki sai ka shiga aji biyu ta DE. Mu nan jihar ma muna da kwalejin share fage a Yelwan Yauri. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. Ɗan rimidiyal ya ƙara shekara bisa shekarun digiri, ɗan IJMB in komai ya tafi daidai bai yi asarar shekara ba, amma shi kuma jipinsa daga aji biyu yake farawa, bai samu kwasa-kwasan aji ɗaya da mutane ke tara maki da su ba, ya faɗo tsakiyar mutanen da sunka riga sunka san juna sunka san malamai, ga wasu kwasa-kwasan gama-gari da zai biyo baya ya cike. Na ga wanda hakan ya yi ma kyau don ya zo da kai cike, na ga wanda ya rikice samista guda kafin ya gane gabas. In za a yi bincike kowane a ware shi daban, in anka cakuɗa su amsar da za ta fito ba ta kowa ba ce.

Wani zai ce to kai Malam mi ya yi zafi, ai ko'ina ana yi. Zafin shi ne mu nan mun fi kowa buƙatar sanin gaskiyar abin. Kebbi na cikin jihohin da tsarin admishan na jami'o'in tarayya ke kira masu ƙarancin ci gaban ilimi, kashi 45 na cancanta, 35 na yanki, 20 namu da irinmu. Alhamdu lillahi kason nan ya buɗe ma da yawa ƙofa, amma kaso ba ya koya ma yaro lissafi, in ya shiga jarrabawa ɗaya zai yi da ɗan Ilori da ɗan Kaduna. Yaran da ke neman jami'a yanzu su ne waɗanda korona ta zaunar gida a 2020, su ne waɗanda sunka ga abin da ya faru a makarantar tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 da na Jangebe can maƙwabta Zamfara a Fabrairun shekarar, iyaye da yawa sunka janye 'ya'yansu daga makarantun kwana, wasu garuruwan malami ba ya yarda ya kwana. Ni ina cikin aji ina gani, akwai ɗan aji shida na sakandare da in ka ba shi lissafin kashi cikin ɗari sai ya yi ta juya biro. Ga kuma abin da duk mun sani muna kauda kai, santocin nan da ake kai yara a rubuta masu amsa a allo, yaro ya fito da kiredit tara ba ya iya rubuta wasiƙar neman izini. A sakamakon farko na JAMB ta 2025 sama da mutum miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, ƙasa baki ɗaya ke nan, to ina ga mu. Don haka ni ban zo in ce a rufe share fage ba, a ganina in akwai inda shekarar gyara ke da ma'ana to nan ne. Abin da nike tsoro shi ne a ce shekarar gyara ce a takarda, a aikace kuma hanyar samun kuɗin shiga.

Ku yi haƙuri da wagga kalma iyayena, amma ita mutane ke faɗi a bayanku gara ku ji ta a gabanku. A wurare da dama a ƙasar nan ana sayar da fom ba iyaka alhali an san guraben da ke akwai, a tara yara ɗaruruwa ɗaki ɗaya da lasifika mai ƙara, malaman da ke koyarwa su ne waɗanda aiki ya riga ya yi ma yawa ko kuma sabbin da ba su taɓa riƙa aji ba, a maimaita masu silabas ɗin sakandare da gudu, firatikal sau biyu a shekara. In haka ne yaro bai samu abin da ni na samu ba, ya dai sayi tikitin caca mai tsada. Abin da ya amfane ni ba maimaita littafin sakandare ba ne, hannu da na sa cikin aiki ne, da wani malami guda, Allah ya saka mashi da alheri, da ke karɓar rahoton firatikal ɗinmu ya bi shi layi layi da jan biro ya maido ya ce sake. Sau huɗu na sake na farko ina ƙunƙuni. Wanga ba ya yiwuwa in ɗalibai ɗari biyar ne gaban mutum ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wagga muhawara ba. A Ingila ma jami'o'i na da shekarar share fage kafin digiri, kuma da masu shiga sunka yi yawa sai anka fara tambaya ko ɗalibai take amfana ko asusun jami'a, har kwamitin da gwamnatinsu ta kafa ƙarƙashin Philip Augar ya ba da shawara a 2019 a janye tallafin da ake ba ta, daga baya ba a soke ba amma anka rage iyakar kuɗin da za a iya karɓa a kwasa-kwasan da ba su buƙatar ɗakin gwaji zuwa fam 5,760 a shekara. Ban kawo su don mu kwaikwaya ba, matsalarsu daban tamu daban, abin da ya burge ni kawai da alƙaluma suke faɗan, kowa ya san mutum nawa sunka shiga nawa sunka gama. Mu ko sai rantsuwa.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a rasit, wato shekarar kanta. Mu da munka ga yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 mun san digirin shekara huɗu a Najeriya ba shekara huɗu ba ne. Ɗan ƙauye dama bai shiga firamare da wuri ba, ya zauna gida shekara biyu yana bin JAMB, ka ƙara mashi ɗaya, ga dokar bautar ƙasa da ta ce in ka haura shekara 30 lokacin gamawa sai dai takardar yafewa, ga masu ɗaukar aiki da ke yanke shekaru. Ga 'ya mace kuma abin ya fi nauyi, ƙanwata da kyar munka shawo kan tsofaffi anka bar ta ta yi shekarar, kullum magana ɗaya, wai karatun da ba a fara ƙirga shi ba ma ya ci shekara to ina ga na gaske, ga manemi na jira. Ta samu shiga, ta gama, yanzu tana koyarwa daga ɗakin mijinta, amma na san da ba ta samu gurbi ba a ƙarshen shekarar nan da an rufe maganar boko ga sauran 'yan matan gidanmu gaba ɗaya. Wanda zai sa irin wagga caca ya cancanci a gaya mashi tun kafin ya sayi fom, bara mutum kaza munka ɗauka, kaza sunka samu shiga, kaza sunka samu kos ɗin da sunka nema, kaza anka tura wani sashe. Layi huɗu ne a jikin tallar fom. Kuma in binciken ya nuna amfanin a aji ɗaya kawai yake tsayawa, to sai a yi tunanin ko gara a ɗauki yaran kai tsaye a ƙara masu darussan tallafi da yamma cikin shekarar farko, Turanci na karatu da lissafi da firatikal, ba sai an ci masu shekara cur ba. In kuma ya nuna har ƙarshen digiri amfanin na nan, sai gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su san inda za su sa kuɗin tallafin karatu, a ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa tun daga share fage, ba sai wanda ubansa ke da shinkafar sayarwa ba.

Dattijon nan ya dawo mani shekaranjiya da yamma, na shimfiɗa mashi tabarma na gaya mashi abin da na gaya maku, cewa ni ta amfane ni, abokina ba ta amfane shi ba, kuma kafin ya kai buhu ko ɗaya kasuwa ya sa yaron ya je ya tambayi waɗanda sunka yi bara su nawa ne a aji, sau nawa sunka shiga ɗakin gwaji, su nawa sunka samu admishan, ya kuma sake cike JAMB ko da zai yi rimidiyal ɗin. Ya yi shiru can ya ce to su masu makarantar ba su rubuta wanga ba ne sai an bi yara ana tambaya? Na ce zan tambaye su Baba.

Allah ya ƙara maku lafiya, ya taya ku riƙo. Wassalam.

Ɗanku kuma ɗalibinku,
malamin kimistiri daga ƙasar Argungu